Juma'ar Malam a Muhaisnah

Ni dai ban taɓa son Ras Al Khor ba. Unguwa ce ta garejoji da sito-sito, ko'ina warin baƙin mai da ƙarar walda, kuma duk abin da ya taɓa ɓata min rai a Dubai daga can ya faro. A can ofishin kamfanin da muke hayar motocin kaya yake, a can kuma aka tara mu wata safiya aka ce kowa ya shigo da motarsa cikin gareji, za a saka mata wani abu.

Aikinmu ba wani ɓoyayyen abu ba ne. 'Yan kasuwa daga Kano da Maraɗi da Yamai suna sauka a ƙananan otal-otal ɗin Al Buteen, su sayi abaya da turare da wayoyi da kayan gyaran mota, mu kuma mu kwashi kwalayen mu kai sito inda ake cika kwantena. Kamfanin ne ya yi mana biza, motar ma tasa ce. A da kuɗin haya tsayayye muke biya duk wata, abin da ka samu sama da haka naka ne, inda ka je da motar kuma ba ruwan kowa. Ba a yin arziki da aikin, amma ana aika wa gida abin cefane.

Abin da aka saka mana ɗan baƙin akwati ne, bai fi sabulun wanki girma ba. Mai sakawar ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari ya ɗaure shi a inda hannu ba ya kaiwa. Da aka gama, manaja ya tsaya a bakin ƙofar ofis inda sanyin iyakwandishan ke taɓa masa baya, mu muna cikin rana, ya yi mana bayani. Daga yau babu hayar wata. Kowa zai biya gwargwadon tafiyar da ya yi, tauraron ɗan adam ne zai riƙa bin motar yana auna nisan. An zana mana yankin aiki, Deira da Ras Al Khor da tashar jirgin ruwa da wajen kago, wato sashen kaya, na filin jirgi. Wanda ya fita daga wannan zanen, kuɗin tafiyarsa ninki ne. Ya ce wannan shi ne adalci, wanda ya yi tafiya kaɗan ya biya kaɗan. Na ce a raina, ka taɓa ganin direban kaya da ke cin abinci da tafiya kaɗan?

Mun saba da ƙofofin da ake cirar kuɗi a manyan tituna, kowane direba ya san lungun da zai bi ya kauce musu. Wannan kuwa ba shi da ƙofa, don haka ba shi da lungu. Ka yi ɓatan hanya, ka biya. Ɗan kasuwa ya manta kwali ɗaya a shago ka koma ɗaukowa, ka biya. Ka zaga kana neman wurin ajiye mota a Deira, inda neman wurin ajiye mota kansa sana'a ce, ka biya. Direbobi suka daina rage wa juna hanya. Mutumin da kuka ci tuwo tare jiya zai wuce ka a bakin titi yana ɗaga maka hannu, kai ma ba za ka ji haushi ba, don ka san abin da ke ƙarƙashin sitiyarinsa.

Duk cikinmu wanda abin ya fi shafa shi ne abokin ɗakina. Mutumin Damagaram ne, ya girme ni sosai, ya koyar a makarantar firamare a can gida kafin albashi ya gaza riƙe gidansu, shi ya sa kowa ke ce masa Malam. Ɗakinmu wani yanki ne na filat da aka raba da katako a Al Buteen, gado mai hawa biyu, shi a ƙasa ni a sama. Faransanci a bakinsa kamar ruwa, Ingilishi kuwa sai dai ya nuna da hannu. Yana ce min ɗan Kano, yana cewa mu Kanawa mun lalata Hausa da gaggawa. Ni kuma ina ce masa duk maganar da ba a fara ta da “bon” na Faransanci ba, ba ta shiga kunnen Badamagare. Mutum ne mai tsabta har ya ba ka haushi. Motarsa ta fi ɗakinmu kyau.

Malam yana da ƙane a Dubai, amma a ƙasa yake. Shi ne autansu. Malam ne ya yi masa hanya ya zo, ya samu aikin gini, yana kwana a sansanin ma'aikata na Sonapur, wato Muhaisnah. Mahaifiyarsu ba ta so tafiyar ba, sai da Malam ya yi mata alkawarin idonsa zai kasance a kan yaron. Wata bazara, lokacin da zafi ke sa kwalta ta yi laushi, saurayin ya dawo daga aiki ya ce kansa na ciwo, ya kwanta, bai tashi ba. Kai gawa gida ya fi ƙarfin Malam, ya fi ƙarfin karo-karon da muka yi. Aka binne shi a maƙabartar da ke can Muhaisnah, ina cikin waɗanda suka yi masa salla.

Tsohuwar ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Abu ɗaya ta roƙa. Duk Juma'a Malam ya je wurin ƙanensa, in ya isa ya kira ta. Haka aka yi ta yi tun daga lokacin. Ana idar da sallar Juma'a zai cika gorar roba da ruwa, ya hau mota ya nufi Muhaisnah. A can gida lokacin hantsi ne, ƙanwar Malam za ta kai wa tsohuwar waya. Shi zai yayyafa ruwan a kan kabarin, ya buɗe sifikar wayar ya riƙe ta kusa da ƙasa, ita kuma ta yi addu'arta daga tsakar gidanta a Damagaram. Wani lokacin bayan addu'ar takan ɗan ba yaron labarin gida, wa ya haihu, wa ya yi aure, ruwa ya sauka ko bai sauka ba.

Akwai wani ustazu a ɗaya ɓangaren filat ɗinmu da ya taɓa gaya wa Malam cewa wannan wahalar ba dole ba ce, addu'a tana isa daga ko'ina. Malam bai yi musu ba. Ya miƙa masa waya ya ce ga lambar, ya kira tsohuwa ya yi mata wannan bayanin da kansa. Ustazu bai karɓi wayar ba, bai kuma sake ta da maganar ba.

To, Muhaisnah ba ta cikin zanen da aka yi mana.

Watan farko Malam ya ci gaba da zuwa kamar ba abin da ya faru. Da ƙarshen wata ya zo aka cire abin da aka cire, na dawo na same shi zaune a bakin gado da waya a hannu, shayinsa ya huce. Bai gaya min ko nawa ne ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da na lura da shi shi ne ya daina sayen nama, kuma abin da yake aika wa gida ya ragu har ƙanwarsa ta kira tana tambaya ko lafiya.

Sai ya gwada bas. Ya ajiye motar, ya hau wannan ya sauka ya hau waccan, sauran ya ƙarasa da ƙafa cikin ranar da ke dafa ƙwaƙwalwa. Ya dawo bayan magariba, leɓɓansa sun bushe, rigarsa ta yi farin gishiri. Tun da aka mai da hutun mako Asabar da Lahadi, yammacin Juma'a lokacin aiki ne sosai, kowa na son kayansa su shiga sito kafin a rufe. Wata Hajiya da ta daɗe tana ba shi kayanta ta kira shi ta gaji, ta ba wani. Irin waɗannan in sun tafi ba sa dawowa. Na ce masa ya roƙi tsohuwa a mai da zuwan Lahadi mana. Ya ce ya gwada. Ta ce ranar Juma'a aka binne shi, ranar Juma'a yake jira.

A filat ɗinmu an sha musu a kan akwatin nan. Kowa da iliminsa. Wani ya ce in ka naɗe shi da takardar gwangwani ba ya gani, wani ya ce in ka shiga ƙarƙashin gada yana ɓacewa. Malam kuwa bai yarda da zancen tauraron ba sam. Ya ce wane mahaukaci ne zai harba ƙarfe sama da kuɗi masu yawa don ya zauna yana kallon tsohuwar motar kaya tana ɗaukar kwalayen turare? Ya ce barazana ce kawai irin ta masu gida. Akwatin daga mitar mota yake karanta nisan, ya aika musu ta layin waya, khalas, shi ke nan. Ya ce a tashar Damagaram babu direban da bai san yadda ake sa mita ta yi barci ba, waya ɗaya ce a jikin giyar mota, ka zare ta allura ta kwanta. Na yi dariya na ce Malam, nan fa ba tashar Damagaram ba ce. Ya ce mota mota ce a ko'ina, ɗan Kano. Na ɗauka hira ce irin ta bayan cin abinci.

Makonnin da suka biyo baya sai na ga ya koma zuwa da mota, ya kuma sake. Yana dawowa da wuri, yana kama aikin yamma, har ya sayo mana kaza wata rana. Na ga baƙin mai a gwiwar hannun rigarsa ta Juma'a, abin da ban taɓa gani a jikinsa ba, na tsokane shi na ce ko ya koma kanikanci ne. Ya yi murmushi kawai. Wallahi na ji daɗin ganinsa haka, ban kawo komai a raina ba.

Farkon wata aka kira shi ofis. Ya ce in raka shi saboda Ingilishi. Muka tafi a motarsa, yana ta lissafin ko wani sabon sharaɗi ne za su ƙara mana.

Manajan bai ce mu zauna ba. Ya juyo da fuskar kwamfuta wajenmu. Taswirar Dubai ce, da wani jan zare da ya fito daga Al Buteen ya miƙe har Muhaisnah, ya tsaya, ya dawo. Ya danna, ga wani zaren irinsa, ya sake dannawa, ga wani. Kowace Juma'a da nata. Sannan ya ce makaniken da ya duba motar a makon nan ya ga mitar ba ta yi daidai da abin da tauraron ya auna ba, ya leƙa ƙasa ya ga alamar hannu a jikin wayar mitar. Ni ne na juya wa Malam wannan maganar zuwa Hausa, kalma bayan kalma. Malam ya zuba wa allon ido. Abin da ya fara cewa, a hankali, shi ne ashe da gaske suna gani.

Manajan ya ɗauka fasinja Malam yake ɗauka. Ya ce ya san abin da direbobi ke yi a Sonapur ranar Juma'a, a cika mota da leburori a kai su kasuwa a karɓi kuɗi, kuma wannan babban laifi ne a ƙasar nan, in an kama motar kamfanin za a ci tara. Na ce masa ya ƙara girman taswirar ya ga inda zaren ya tsaya. Ya ƙara. Ya ga katangar, ya ga layukan. Na gaya masa komai, yaron, da tsohuwar, da kiran wayar Juma'a. Musulmi ne, ya yi wa mamacin addu'a, ya ce mu zauna, har ya sa aka kawo mana ruwa.

Ruwan bai canza komai ba. Ya ce da zuwan ne kawai, da ya rufe ido. Amma taɓa mita ba a hannunsa take ba, rahoton makanike ya riga ya wuce sama, motocin nan sayar da su ake yi in sun tsufa, motar da aka taɓa mitarta kuma ta zama matsala. Masu kamfanin sun ba da zaɓi biyu. Ko a kai maganar wurin 'yan sanda, ko Malam ya sa hannu a soke bizarsa ya tafi gida salin-alin. Na roƙe shi. Na roƙe shi da Ingilishi, na roƙe shi da ɗan Larabcin da na tsinta a titi, na ce masa habibi, na ce a ci shi tara, a cire a hankali, shwaiya shwaiya. Ya buɗe tafukan hannunsa ya girgiza kai.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, duk tafiye-tafiyen nan an caje shi kuɗinsu cif, da ninkinsu. Kwanciyar da ya riƙa yi a ƙarƙashin mota da kayan Juma'arsa, a kan kwalta mai zafi, ba ta rage masa ko sisi ba.

Malam ya tambaye ni abin da mutumin ya ce na ƙarshe. Na gaya masa. Ya ce dakor, wato ya yarda. Ya sa hannu, ya ciro makullin ya ajiye a kan tebur, ya koma motar ya kwaso dardumarsa da gorar ruwan. Muka tsaya a bakin titin Ras Al Khor muna jiran bas, manyan motoci na wucewa suna watsa mana ƙura.

Mun nema masa wani aikin. Duk wanda muka sani mun taɓa shi, daga masu shaguna har wani ɗan Nijar da ke aiki a ofishin kago. Shekarunsa sun ja, ba Ingilishi, kuma labari ya riga ya zaga cewa ya taɓa mita. A garin nan ba mai tambayar dalilin da ya sa ka yi abu. Wa'adin da aka ba shi yana ta ƙarewa. Juma'o'in da suka rage masa da bas ya je, tunda yanzu ba aikin da zai rasa, kuma bai gaya wa tsohuwar komai ba. Kullum sai ya ce min sai mako mai zuwa.

Juma'ar ƙarshe na ce ni zan kai shi. Ya ce a'a, ɗan Kano, ka san abin da za su cire maka. Na ce su cire, akwatin ya ƙirga har ya ƙoshi. Na faɗa da zafi, don haushi nake ji, ban san ma wa nake jin haushinsa ba. Muka idar da salla muka kama hanya. Jakarsa tana bayan mota, don jirginsa washegari da safe ne kuma zai kwana wurin wani ɗan garinsu kusa da filin jirgi. A hanya yana ta nuna min inda zan juya, kamar ban taɓa zuwa ba. Ya nuna min wani fili kusa da shagon taya ya ce a nan yake tsayawa ya zare wayar mitar. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

Maƙabartar fili ce mai faɗi, yashi fari, ba inuwa. Mai gadin ya san shi, ya ɗaga masa hannu. Kaburburan duk iri ɗaya ne, da ni kaɗai ne da ban gane wurin ba, amma Malam ya tafi kai tsaye. Ya tsuguna, ya tsince 'yan tsakuwoyi da wata leda da iska ta kawo, ya yayyafa ruwan a hankali daga kai zuwa ƙafa. Yashin ya shanye nan take. Muka yi addu'a. Sannan ya ciro waya ya kira, ya buɗe sifika.

Ƙanwarsa ce ta ɗauka, muka ji tafiyarta, muka ji kukan akuya, sannan muryar tsohuwar. Ban taɓa jin ta ba sai ranar. Murya ce ƙarama, a shaƙe. Ta tambaye shi ya isa, ya ce ya isa. Ta yi addu'arta mai tsawo, muna cewa amin. Da ta gama, Malam ya ɗago wayar zuwa bakinsa.

“Inna, akwai magana. Aikina ya ƙare a nan. Gobe zan taho gida.”

Na ɗauka za ta yi hamdala. Shekaru ba ta sa shi a ido ba. Amma sai ta jefo masa tambaya.

“Gaba ɗaya?”

“Gaba ɗaya, Inna.”

“To shi fa?”

Malam ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ba ta tambaye shi abin da ya faru ba, ba ta yi masa faɗa ba. Muka ji ta ja numfashi, sannan ta ce ya mai da wayar ƙasa. Ya durƙusa a kan yashin mai zafi ya miƙa hannu har wayar ta kusa taɓa kabarin.

“Auta,” ta ce, “yayanka zai taho gida. Ba mai zuwa maka kuma. Ka yi haƙuri, ka ji?”